Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga dattawan ikkilisiya, a kan mutumin da ke zaune gaban ogan

Iyayenmu dattawa, fastoci, da duk masu zama a majalisar ikkilisiya,

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangiji, ina kuma roƙa muku ƙarfi a hidimar da kuka ɗauka. Ni ba ɗan majalisa ba ne. Ɗan ƙungiyar mawaƙa ne, cikin masu tsayawa a layin baya. Na rubuto a fili ne domin maganar ba ta ikkilisiya ɗaya ba ce, kuma wanda ta shafa ba zai taɓa buɗe baki ya faɗe ta da kansa ba. Ku yi mini haƙuri in na yi kaushi a wani wurin, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Maganar mai kaɗa ogan ce, wato babban abin kiɗan nan na majami'a mai bututu, wanda a wurare da dama shi ne malamin mawaƙa, shi ne kuma mai tsara sababbin waƙoƙi. Shi ke riga kowa shiga majami'a, shi ke fita bayan kowa ya watse. Amma in aka karanta lissafin kuɗin shekara za a ji na rufi, na fenti, na lasifika, na kujeru, shi kuwa in ma an tuna da shi sai a cikin ƙananan abubuwan da aka haɗe a layi ɗaya.

Bari wata Lahadi ɗayanku ya je ya tsaya a bayansa ya gani. Gabansa jerin maɓallai ne hawa biyu ko uku, hannun dama na kan wannan, na hagu na kan wancan. Ƙarƙashin bencinsa akwai wani jerin na katako, manya, da ake takawa da dunduniya da kan ƙafa, su ke fitar da muryar nan mai kauri da mutum ke ji a ƙirjinsa. Dama da hagu akwai 'yan sanduna da yake ja yana turawa, kowace ɗaya tana buɗe wa iska hanyar shiga wani rukunin bututu. Ido ɗaya na kan takarda, ɗaya na kan ɗan madubin da aka kafa masa don ya hango fasto. Ogan na asali iska ce ransa. Zugazugi ke hura ta, irin na maƙera sai dai ƙato, kuma kafin zuwan lantarki sai an ajiye mutum yana taka shi tun daga waƙar farko har ta ƙarshe.

Wannan duk aikin gaɓoɓi ne, na kai ya fi shi wuya. In jama'a sun fara jan waƙa, shi ke ɗan ingiza su ba tare da sun ankara ba. Baitin makoki ya sassauta, baitin nasara ya buɗe. In waƙa ta ƙare masu karɓar baiko ba su gama zagayawa ba, nan take zai ƙago abin da zai cike gurbin, ya kuma sauka daidai lokacin da aka ajiye faranti gaban bagade. In da sassafe ne muryoyi ba su washe ba, sai ya sauke waƙar ƙasa kaɗan, wato kowane yatsa ya koma wani wuri dabam da abin da ke rubuce. In ya yi duk wannan daidai, babu wanda zai san ya yi wani abu. Ranar da yatsa ya zame sau ɗaya, rabin majami'a sai ta waiwayo.

Zan ba ku labarin mutum guda, domin takardun majalisun da suka ɗauke shi aiki suna nan har yau, ana karanta su.

An haifi Johann Sebastian Bach a Eisenach ta ƙasar Jamus a 1685. Kafin ya cika shekara 10 ya rasa uwa da uba, yayansa da ke kaɗa ogan a Ohrdruf ya ɗauke shi. Yana da shekara 18, a 1703, aka ba shi ogan na wata majami'a a Arnstadt. A 1705 ya nemi izinin mako huɗu don ya je Lubeck ya saurari dattijo Buxtehude, gwanin ogan na wancan zamanin. Tafiyar kusan kilomita 400 ce, a ƙasa ya yi ta. Bai dawo ba sai bayan kusan wata huɗu. Majalisa ta kira shi a farkon 1706, ta kuma haɗa masa da wani laifin: yana cusa baƙin sautuka a cikin waƙar jama'a har su rikice su rasa inda za su kama. An kuma kai ƙararsa cewa da aka ce ya cika tsawaita kiɗa, sai ya koma yana gajarta shi fiye da kima, irin na mai fushi.

A nan dattawan Arnstadt suna da gaskiya, ba zan ɓoye ba. Wanda aka ba mako huɗu ya ci wata huɗu ya yi laifi, ko me ya koyo. Kiɗan da ya hana tsohuwa bin waƙarta kuma ya kauce wa abin da aka ajiye shi dominsa. Bach mai zafin kai ne. A Weimar ma, garin da ya yi aiki daga baya, a 1717, ya matsa wa mai mulkin garin lamba a sake shi ya tafi wani aikin, har aka tsare shi kusan wata guda. Makaɗa ba waliyyai ba ne, kuma ba na roƙonku ku daina tsawata musu.

Abin da ya faru a Leipzig ne nake so ku duba da kyau. A 1723 majalisar garin ta ɗauke shi, bayan ta rasa makaɗa biyun da ta fara nema: Telemann ya ƙi zuwa saboda an ƙara masa albashi a Hamburg, Graupner kuma ubangidansa ya hana shi tafiya. A Leipzig ba Bach ke zama kan ogan ba, shi ne shugaban kiɗa na majami'u huɗu, kuma malami a makarantar majami'ar Toma. An sa shi ya sa hannu cewa ba zai tsawaita kiɗa ba, ba zai bar shi ya yi kama da na gidan wasa ba, ba zai kuma fita gari ba sai da izinin magajin gari. Darasin Latin da aka ɗora masa, daga aljihunsa yake biyan wani ya koyar a madadinsa.

A shekarunsa na farko, kusan kowace Lahadi da kowace ranar idi sai ya kawo abin da suke kira kantata, wato waƙa mai sassa da yawa ta kimanin minti 20, da mawaƙa da makaɗa, wadda aka gina a kan karatun Bishara na ranar. Ku lissafa makon da kanku. Ya tsara kiɗan. A zauna a kwafe wa kowace murya da kowane abin kiɗa tasa takardar da alƙalami da tawada, ɗalibansa na kwafa, matarsa Anna Magdalena ma na kwafa. A gwada da yara waɗanda wasunsu ba su daɗe da fara karanta alamomin kiɗa ba. Ranar Lahadi da ƙarfe 7 na safe a fara sujada. Litinin a koma farko. Yakan rubuta haruffa biyu a saman takarda masu nufin Yesu ka taimaka, a ƙarshe kuma haruffa uku masu nufin ɗaukaka ga Allah kaɗai. Mutumin da ke aiki da irin wannan ƙurewar lokaci, roƙon taimakon nan ba ado ba ne.

Duk da haka a 1730 'yan majalisa suka zauna suna ƙorafin ba ya aiki, suka kuma shirya rage masa kuɗin shiga. Ranar 23 ga Agustan shekarar ya aika musu da takarda. Babu zagi a ciki, lissafi ne zalla. Ya ce kowace ƙungiyar mawaƙa tana bukatar aƙalla mutum 12, uku a kowace murya, saboda in ɗaya ya kwanta ciwo waƙa kada ta tsaya. Ya ce makaɗa 18 zuwa 20 ake bukata, waɗanda gari ke biya kuwa 8 ne. Sannan ya jera sunayen yaran makarantar ya raba su uku: 17 za su iya, 20 ba su kai ba tukuna, 17 ba su da abin yi da waƙa sam. Da waɗannan ake so ya cika majami'u huɗu. A takardun majalisar ba a sami amsar da aka ba shi ba.

Wata biyu bayan haka ya rubuta wa wani abokinsa na ƙuruciya yana neman ko akwai aiki a wani garin. A wasiƙar ya ce abin da yake samu a shekara kusan taler 700 ne, kuɗin azurfar wancan lokacin, amma yana ƙaruwa ne in jana'iza ta yi yawa. In iska ta yi kyau mutane ba su mutu da yawa ba, sai kuɗinsa ya ragu, har ya ce a shekarar da ta wuce ya yi asarar sama da taler 100 ta wannan hanyar. Mutane kan yi dariya in sun karanta wurin. Ni ba ta ba ni dariya. An ɗaura abincin gidan mutum a kan yawan gawa, sannan a yi mamakin yana ƙirga su.

Bai samu wani aikin ba, a Leipzig ya ƙare. A 1749, yana raye yana kan aikinsa, majalisa ta kira wani ta gwada shi don ya gaje shi. Ya rasu ranar 28 ga Yulin 1750 bayan aikin ido har sau biyu da bai yi nasara ba. Matarsa ta rayu shekara 10 bayansa, ta mutu tana cikin masu karɓar sadakar gari. Kabarinsa ko alama ba a sa masa ba, sai a 1894 aka tono ana neman ƙasusuwansa.

Iyayena, abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne waɗannan 'yan majalisa ba mugaye ba ne. Mutanen kirki ne masu zuwa sujada, masu tsoron kashe kuɗin jama'a a banza, masu son makaranta ta tafi daidai. Damuwarsu irin taku ce. Sun dai ɗauki mutumin a matsayin ma'aikacin da ke cika damun su da bukatu, ba su taɓa tsayawa sun tambayi kansu me yake ajiye musu kowane mako ba.

Na san amsar da ake bayarwa in an ta da zancen biya: aikin Ubangiji ne, ladansa na sama. Gaskiya ne, amma aikin fasto ma na Ubangiji ne, ba a kuma bar shi da yunwa ba. Ku buɗe 1 Tarihi sura 25. Dawuda ya keɓe gidajen Asaf da Heman da Yedutun don waƙa, aka ƙirga horarru 288, aka raba musu aiki da ƙuri'a. A gefen wannan surar, a Littafi Mai Tsarki nasa na gida, Bach ya rubuta da hannunsa cewa ita ce tushen duk kiɗan ikkilisiya da Allah ke jin daɗinsa. Sura 9 ta ce an ɗauke wa mawaƙan sauran ayyuka domin dare da rana suna kan nasu. Sai ku wuce Nehemiya sura 13. Da ya dawo Urushalima ya tarar ba a ba Lawiyawa da mawaƙa rabonsu ba, kowa ya koma gonarsa. Nehemiya bai bi su gona yana yi musu wa'azin sadaukarwa ba. Shugabanni ya tara ya tuhuma, ya tambaye su dalilin da aka yi watsi da gidan Allah. Yau ma in kun ga mai kaɗa muku ogan ya fara ɓacewa ranar Asabar yana bin wuraren biki, kafin ku kira shi mai son duniya ku duba littafin ma'aji.

Akwai asarar da ta fi ta kuɗi, ita ce ta takardu. Bayanin rasuwar Bach da ɗansa da wani ɗalibinsa suka rubuta ya ce ya bar kantata na shekara biyar cur. Kusan 200 ne suka iso gare mu, sauran sun bi iska. An ce ya tsara labarin shan wuyar Almasihu sau biyar, biyu ne suka tsira cikakku, na Yohanna da na Matiyu. Dalili kuwa a fili yake. Da ya mutu aka raba takardunsa kamar sauran kayan gado. Babban ɗansa ya shiga matsi ya riƙa sayar da nasa kason. Waɗanda matarsa ta miƙa wa makarantar Toma kuwa suna nan a Leipzig har gobe. Iyali na ƙaura, suna talaucewa, suna mutuwa. Ikkilisiya ce ke daɗewa a wuri ɗaya, ita ya kamata ta riƙe.

Na Matiyun nan da duniya ke ji da shi yau, bayan mutuwar mai shi kwanciya ya yi, sai a 1829 wani saurayi makaɗi ɗan shekara 20, Mendelssohn, ya tashe shi a Berlin. A 2005 ma an tsinci wata waƙar Bach da ba wanda ya san da ita, a cikin wani kwalin takardun gaisuwar ranar haihuwa a ɗakin karatu na Weimar. Ɗakin ya yi gobara a 2004, kwalin ya tsira ne kawai don an fitar da shi kafin wutar.

Kada ku ce ai naku ba Bach ba ne. Dattawan Leipzig ma ba su san nasu Bach ne ba. Kuma ko da matsakaici ne, waƙar da ya tsara wa ikkilisiyarku don bikin buɗe gini ko don jana'izar wani dattijo tarihinku ce, babu inda za ku saye ta in ta ɓace. Na taɓa ganin kwalin wani tsohon malamin mawaƙa bayan rasuwarsa, an tura shi bayan kabad a ɗakin ajiya. Gara ta ci gindinsa. Takardun sama suna nan, rubutun fensir, murya huɗu a jere, da 'yan kalmomi a gefe inda ya rubuta wa kansa wurin da mata za su numfasa. Na ƙasa sun zama ƙasa. Waƙoƙin da ke ciki har yanzu ana rera wasu, amma da murya ɗaya, kuma in ka tambayi matasa wa ya yi su sai su ce tsohuwar waƙa ce.

Sai maganar magaji. Kujerar ogan kujera ce ta zama mai tsawo. Ga misalin masu kaɗa ogan uku na Faransa: an ɗauki Widor a majami'ar Saint-Sulpice ta Paris a 1870 a matsayin na wucin gadi, ya yi kusan shekara 64 a kanta. Messiaen ya riƙe tasa daga 1931 har mutuwarsa a 1992. Vierne, wanda kusan makaho aka haife shi, a kan ogan na Notre-Dame ya cika a 1937, yana tsakiyar kiɗa. Irin wannan daɗewa kan sa majalisa ta saki jiki, ta manta wata rana kujerar za ta zama wayam. Mai kaɗa ogan kuwa ba a yin sa a wata shida. Shekaru ake yi, kuma sai yaro ya samu inda zai zauna ya yi ta kuskure babu mai korarsa.

Ku dubi abin da kujera ɗaya ta haifar a Legas. T.K.E. Phillips ya yi karatun kiɗa a Landan, ya dawo ya riƙe ogan na majami'ar Christ Church daga 1914 zuwa 1962. Ƙarƙashinsa Fela Sowande ya taso, haka ma Ayo Bankole, dukansu biyu suka zama mawallafan kiɗan da ake kaɗawa a ƙasashen waje. Phillips ya kuma dage a kan abin da duk mai harshe mai hawa da saukar murya ya sani: in karin waƙa ya hau inda kalma ke sauka, ma'ana na iya juyewa, jama'a su rera abin da ba shi suke nufi ba. Littafin waƙoƙin da aka fassara daga wani harshe ba zai gyara wannan da kansa ba. Sai an samu mai tsara waƙa da ya san harshen ya kuma san kiɗan, an ba shi lokaci.

Wasu za su ce yanzu ai akwai na'ura, a danna ta yi kiɗa. Na'ura ba ta san yau majami'a cike take da masu makoki ba. Ba ta jira jama'a su ja numfashi tsakanin baiti da baiti. In fasto ya tsaya ya yi addu'a a tsakiyar waƙa, ita gaba take yi.

To me nake roƙo? Na san ba kowace ikkilisiya ke da ƙarfi ba, kuma yawancin abin da zan faɗa ba ya cin ko sisi. A rubuta yarjejeniya da shi, ko shafi ɗaya ne: ga aikinsa, ga abin da za a ba shi, ga lokacin hutunsa, ga wanda zai riƙe masa in ba shi da lafiya. Kuɗin aure da na jana'iza ikkilisiya ta yanke ta karɓa ta miƙa masa, kada a bar shi yana ciniki da iyalin mamaci a bakin ƙofa. A ba shi nassin wa'azi da lambobin waƙa tun tsakiyar mako. Ɗan guntun takardar nan da ake miƙa masa minti biyar kafin a fara raini ne, ko da ba da niyya ake yi ba. In ana tsara sujadar Kirsimeti ko ta Ista, a kira shi tun farkon zama.

Shi kansa ogan ɗin yana bukatar layinsa a kasafin kuɗi. Zafi da sanyi na sauya muryar bututu, ƙura na toshe su, ɓera na cin fatar zugazugi. In kun ji wani sauti ya maƙale yana ta kuka shi kaɗai a tsakiyar addu'a, ba laifin mai kaɗawa ba ne, shekarun da aka yi ba a kira mai gyara ba ne. Mabuɗinsa kuma kada ya zauna a aljihun mutum ɗaya. A ware sa'o'i a mako da yara biyu ko uku, maza da mata, za su zauna a gefen malamin su koya, a kuma biya shi wannan koyarwar dabam.

Takardunsa kuwa kada ku jira ya mutu. Ku nemi izininsa tun yana raye, a ɗauki hoton kowane shafi, a ɗauki muryar ƙungiyar tana rera kowace waƙa da muryoyinta duka, a rubuta sunansa da shekarar da ya yi ta. Kwafi ɗaya a ofishin ikkilisiya, ɗaya a hannun iyalinsa, hakkin mallaka kuma ya zauna nasa. In kun buga waƙarsa a takardar tsarin sujada, ku sa sunansa a ƙasa.

Ina roƙon a sa wannan magana a jerin abubuwan zamanku na gaba. Ku kira shi, ku ba shi kujera, ku ce ya kawo muku lissafinsa a rubuce: mawaƙa nawa yake da su, nawa yake bukata, me ya lalace, me ya tsara a shekarun nan, ina kuma takardun suke. Abin da kuka iya ku yi, abin da ba ku iya ba ku gaya masa dalili. Amsar kuma magatakarda ya shigar da ita a littafin majalisa, da kwanan wata.

Naku cikin hidima,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanku a ƙungiyar mawaƙa